Buɗaɗɗiyar Wasiƙa Ga Ma'aikatar Harkokin Mata Da Yara Ta Jihar Sakkwato: Hannun Wa Za Mu Bar 'Ya'yanmu Masu Lalura?

Assalamu alaikum wa rahmatullah.

Ranku ya daɗe, bayan gaisuwa da fatan alheri, na rubuto ne a kan wasu yaran jihar nan da ba a cika jin ɗuriyarsu ba, domin su ba fita suke yi ba, iyayensu mata kuma ba su da sararin zuwa ofis kai kuka. Ina nufin ƙananan yara masu lalura ta musamman waɗanda ba su isa shiga firamare ba: wanda gaɓoɓinsa suka shanye tun yana jariri, da mai farfaɗiya, da kurma, da makaho, da mai sikila, da wanda ya kai shekara huɗu bai ce "Inna" ba kuma ba ya haɗa ido da mutane, irin lalurar da likitoci ke kira otizim. Ni uwar ɗaya daga cikinsu ce, malama a wata makarantar gwamnati. Tambayata guda ce. Idan gari ya waye za mu fita neman abin da za mu ciyar da su, hannun wa za mu bar su?

Na yi wasiƙar a fili domin hukumar ilimin bai-ɗaya ta jiha, wato SUBEB, da masu gidajen raino da makarantun nazare su ma su gani, tun da maganar ta shafe su.

Ɗana yana da lalurar ƙwaƙwalwa wadda ta hana shi mallakar jikinsa. Cutar shawara ce ta kama shi a makon farko na haihuwa, ta yi tsanani har ta taɓa ƙwaƙwalwa. Wuyansa bai tsaya da wuri ba, har yau sai an tokare shi yake zama, ba ya iya kai cokali baki. Amma yana gane kowa, yana dariya idan ya ji muryar yayarsa, kuma yana da abincin da yake so da wanda ba ya so. Irinsa suna da yawa a garin nan fiye da yadda ake zato. Duk wanda ya taɓa zama a layin gashi, wato inda ake motsa wa marasa lafiya gaɓoɓi, a asibitin koyarwa na Jami'ar Usmanu Ɗanfodiyo ko asibitin ƙwararru ya gan su a bayan iyayensu, ƙafafu na reto har gwiwar uwa. Wasu doguwar naƙuda ce ta jawo, wasu shawara kamar nawa, wasu zazzaɓin cizon sauro ne ya hau musu ka, wasu kuma sanƙarau ya bar su da kurumta. Ba mu manta da annobar sanƙarau ta 2017 da ta ratsa Zamfara da Sakkwato ba. Asusun UNICEF ya ƙiyasta a 2021 cewa yara kusan miliyan 240 ne ke da wata naƙasa a duniya, wato kamar ɗaya a cikin goma. Ba ni da dalilin zaton cewa namu lissafin ya yi ƙasa da haka.

Ana yawan ba mu shawara cewa mu natsu mu zaɓi wurin raino mai kyau. Shawarar ba ta da laifi, sai dai bari in gaya muku abin da ke gaban uwa a Sakkwato idan hutun haihuwa ya ƙare.

Na farko kaka ce. Allah Ya saka wa iyayenmu da alheri, su ne suka riƙe mafi yawan yaran nan. Amma yaron da ba ya tafiya nauyi yake ƙarawa kullum, ita kuwa tsohuwa ƙarfi ke barinta. Mahaifiyata ta goyi ɗana har sai da bayanta ya fara hana ta ruku'u, ni da kaina na ce ta huta. Wadda uwarta ke Gwadabawa ko Yabo kuwa, ko dai ta tura yaron ƙauye ya rabu da asibitin da ake yi masa gashi, ko ta raba tsohuwa da ɗakinta.

Sai 'yar aiki. Duk mun san yadda abin yake: a aika ƙauye a kawo yarinya 'yar shekara goma sha biyu ko sha uku, wadda ita ma kamata ya yi tana aji, a danƙa mata yaron da ko ma'aikaciyar jinya sai ta yi hattara da shi. Idan ya sandare ta tsorata. Idan ya ƙi cin abinci ta gaji ta ajiye kwanon, ko ta yi masa ɗura. Ba mugunta ba ce, iyakar abin da ta gani ana yi a gidansu ke nan. A gida ɗaya an tauye yara biyu, kuma jihar nan tana da Dokar Kare Yara da aka sa wa hannu a 2021, wadda ta shafi shi da ita baki ɗaya.

Sai gidajen raino da suka yawaita a Mabera, Gawon Nama, Runjin Sambo, Arkilla da sauran unguwanni. Na shiga da dama daga cikinsu da ɗana a baya. Akwai masu tsafta da tsari, akwai kuma waɗanda gareji ne aka shimfiɗa wa leda da katifa biyu. Wani da na shiga a watan Afrilu, lokacin da zafin garin nan ke haura digiri 40, babu wuta, fanka a tsaye, taga ɗaya. Mace ɗaya ce a tsakiyar jarirai, tana jijjiga ɗaya a cinya, tana miƙa wa wani bulumboti da ɗayan hannun, na uku yana kuka a kwance ba mai ɗaga shi. Na tausaya mata ƙwarai. Ko da ta ce za ta karɓi ɗana, da wane hannu za ta ciyar da shi? A wuraren da suka fi wannan kyau kuwa, amsar kusan iri ɗaya ce. Za a karɓe ki da fara'a, a kawo kujera, sai kin kwance goyo an ga yadda kansa ke langaɓewa, sai murya ta sauya. Wata mai makaranta ta gaya mini gaskiya, kuma na gode mata da ba ta yi mini kwana-kwana ba. Ta ce, "Malama, ki yi haƙuri, wanga yaro ya fi ƙarfinmu. In uwayen yara sunka gan shi, kwashe ɗiyansu za su yi. Raji za ki kai shi."

Makarantar A. A. Raji ta yara masu buƙata ta musamman abin alfahari ce, ta yaye kurame da makafi da guragu da suka zama mutane. Amma makaranta guda ba za ta ɗauki yaran ƙananan hukumomi 23 ba, kuma uwar da ke Kwannawa ko Kalambaina ba za ta riƙa ratsa gari a kan kabu-kabu safe da rana da yaron da ba ya iya riƙe kansa ba. Sunan makarantar ya zama hanyar sallamar mu cikin ladabi.

Abin da ya rage bayan waɗannan shi ne wanda ba a son faɗa. Ko uwa ta ajiye aiki ko sana'arta, alhali kuɗin magani da famfas da na motar zuwa gashi sun ninka na sauran yara, ko kuma ta ja ƙofa ta kulle shi a ɗaki ta yi sauri ta dawo. Na san matan da suka yi na farko, ciki har da ungozoma da malamai waɗanda gwamnati ta kashe kuɗi ta horar. Na biyun ma yana faruwa, kuma kafin a zagi uwar da ta yi, a tambaye ta wace ƙofa ce ba ta ƙwanƙwasa ba.

Ban zo in ɗora wa masu gidajen raino laifi duka ba. Tsoro suke ji, kuma tsoronsu yana da tushe. Suna tsoron yaro ya mutu a hannunsu. Suna tsoron sauran iyaye, domin har yanzu akwai masu cewa farfaɗiya ana ɗauka ta yawu, akwai masu hana mai ciki kallon yaro irin nawa, akwai masu raɗa cewa ɗan ruwa ne. Matan da suke ɗauka aikin raino kuma ba a koya musu komai ba, albashinsu bai taka kara ya karya ba. Dokar mafi ƙarancin albashi ta 2024 ta ce naira 70,000, amma ba ta hau kan wurin da ma'aikatansa ba su kai 25 ba, kuma kusan duk gidajen raino ƙanana ne. Wadda ake biya ɗan abin da bai kai ta ƙarshen wata ba, a haɗa ta da jarirai cike da ɗaki, ba za ta yi murna da ƙarin yaron da ciyar da shi kaɗai ke cin fiye da rabin awa ba.

Zan tsaya a kan ciyarwar nan, don ita ce ta fi nuna abin da nake nufi. Yaro irin nawa haɗiya ke ba shi wuya. Kafin a ba shi komai sai an zaunar da shi tsaye, an tokare bayansa da gefensa da matashi, haɓarsa ta ɗan sunkuyo, kada kai ya koma baya. Kunun ya zama mai kauri, domin tsararo ya fi saurin bin hanyar iska. Cokali ƙarami, rabi-rabi, a ɗora a kan harshe a ɗan danna, sannan a jira. Sai kin ga maƙogwaro ya motsa kafin ki ƙara. Idan ya yi tari, ko idonsa ya kawo ruwa, ko muryarsa ta koma kamar mai kurkure, ya ƙware ke nan, a dakata. Bayan an gama ba a kwantar da shi nan take. To, ku kwatanta wannan da ɗura, inda ake kwantar da yaro a cinya, a toshe masa hanci, a tara kunu a tafin hannu a tura. Yaro lafiyayye ma ɗura na iya halaka shi, balle wanda ba ya iya tari da ƙarfi. Abin da ya sauka a huhu shi ke zama namoniya, kuma ita ce ke yawan kwantar da yaran nan a asibiti, wani lokaci ta tafi da su. Duk abin da na zayyana ɗin nan masu gashi da ma'aikatan jinya ne suka koya mini, kuma ban yi karatun likita ba. Abin da na koya, kowace mace mai hankali da tausayi za ta iya koya cikin 'yan kwanaki.

Haka sauran lalurorin. Yaro mai farfaɗiya idan ta tashi, ba a danna masa cokali a baki, ba a danne shi, ba a zuba masa ruwa ko magani a baki, ba a kai ƙafarsa kusa da wuta. A kawar da abin da zai ji masa rauni, a sa abu mai laushi a ƙarƙashin kai, a juya shi ya kwanta a gefe, a duba agogo. Idan ta wuce minti biyar, ko ta sake dawowa bai farfaɗo ba, sai asibiti. Ba a ɗaukarta ta yawu ko ta numfashi ko ta kwano. Maganinsa kuma a kan lokaci ake ba shi, tsallake shi na iya tayar da ciwon. Mai sikila yana buƙatar ruwa a kai a kai, a rufe shi da kyau a hunturu, kuma zazzaɓi a jikinsa ba abin jira har a tashi ba ne, a kira uwarsa nan da nan. Kurma yana buƙatar a fuskance shi, a yi masa maganar hannu tun yana ƙarami, domin shekarun farko su ne na kama harshe, kowane iri ne. Mai otizim hayaniya da sauyin tsari ke rikita shi, yana iya sulalewa ya fice ba tare da ya ji kira ba, saboda haka ƙofar waje da rijiya da bakin masai su ne abin dubawa. Shi ne kuma ya fi shan bulala da sunan taurin kai.

Akwai abin da ya fi waɗannan hana ni barci. Yaron da ba ya magana ba zai dawo ya ce an doke shi ba, ko an bar shi cikin fitsari tun safe, ko an ba shi maganin mura mai sa barci don a huta, ko wani ya taɓa shi inda bai dace ba. Wani bincike da Hukumar Lafiya ta Duniya ta bayyana a 2012 ya nuna cewa yara masu naƙasa sun fi sauran fuskantar cin zarafi kusan ninki huɗu. Shi ya sa idan na shiga wurin raino, fenti da lilo ba sa ɗaukar hankalina. Ina duba ko za a bar ni in shigo kowane lokaci ba tare da sanarwa ba. Ina ƙirga manya da yara. Ina kallon ko mai rainon za ta durƙusa ta yi wa ɗana magana, ko kuwa ni kaɗai za ta yi ta kallo kamar ba ya wurin. Ina tambaya a ina zai wuni, a cikin yara ko a kusurwa. Ina tambaya wa zai canza masa, kuma a gaban wa. Idan na ce me za ku yi in ya sandare, aka ce "Allah zai kiyaye" aka yi shiru, nakan ce amin, in ɗauki ɗana. Addu'a muna yi dare da rana, muna tofa masa, kuma muna ba shi magani, ɗaya bai hana ɗaya ba.

Amma bai kamata a ce kowace uwa ita ce mai binciken kanta ba. Ni na yi karatu, ina da albashi, ina iya tambaya ba tare da jin nauyi ba. Mai sayar da ƙosai a Tudun Wada ko mai wankau a Gidan Igwai fa? Nan ne aikinku ya shigo, ranku ya daɗe.

Dokoki ba su yi ƙaranci ba. Dokar hana nuna wa masu naƙasa bambanci ta 2018, wadda Shugaba Muhammadu Buhari ya sa wa hannu a Janairun 2019, ta ba su haƙƙin ilimi kyauta har sakandare, ta ce makarantun gwamnati su zama na kowa, kowace ta sami aƙalla ma'aikaci ɗaya da aka horar a kan kula da su. Ta ba da wa'adin shekara biyar a gyara gine-ginen jama'a yadda keken guragu zai shiga, wa'adin ya cika a Janairun 2024. Dokar ilimin bai-ɗaya ta 2004 ta sa kula da ƙananan yara kafin firamare a cikin ilimin tushe, kuma a kuɗin da hukumar ilimin bai-ɗaya ta ƙasa, wato UBEC, ke rabawa akwai kason da aka ware don yara masu buƙata ta musamman. Abin da ya rage shi ne a sauko da waɗannan dokoki zuwa ɗakin da ake shimfiɗe yaro ɗan shekara biyu.

Babban roƙona shi ne horo. Ba sabon gini nake nema ba, gini yana cin shekaru kuma yana tsayawa a wuri ɗaya. A tara matan da ke aikin raino yanzu haka, da zawarawa da matan da mazansu suka rasu masu neman sana'a, a koya musu na 'yan makonni: zaunarwa, ciyarwa, ɗagawa ba tare da sun karya bayansu ba, taimakon gaggawa, alamun da ke cewa a ruga asibiti, da maganar hannu ta farko-farko. Masu koyarwa suna nan cikin gari. Akwai masu gashi da likitocin yara a asibitin koyarwa, akwai asibitin mata da yara na Maryam Abacha, akwai likitocin ƙwaƙwalwa a Kware, akwai malaman Raji, akwai masu horar da malamai a makarantar Shehu Shagari. A saka iyaye mata cikin masu koyarwa, domin mai ɗaki shi ya san inda yake masa yoyo. A yi darasin da Hausa, a yi shi da hannu a kan tabarma, kada a mai da shi taron otal da jawabai. Wadda ta gama a ba ta takardar shaida, ta yadda in na je ɗaukar mai raino zan ce ta nuna mini, ita kuma ta sami bakin neman albashi mai kyau.

Wannan ba baƙon tsari ba ne a garin nan. Nana Asma'u 'yar Shehu, wadda ta rasu a 1864, ba ta jira matan karkara su tare a birni ba. Ta koyar da mata jagorori da ake kira jaji, ta ɗora musu malfa a matsayin shaida, suka koma garuruwansu suna karantar da 'yan'uwansu mata, aka san su da 'Yan Taru. Idan aka horar da mata kaɗan daga kowace ƙaramar hukuma suka koma suka horar da wasu, ilimin zai isa Illela da Tangaza da Isa, inda galibi kaka da yaya ne masu raino.

Na biyu, a san gidajen rainon da ke akwai. A yi musu rajista, a riƙa leƙa su ba tare da sanarwa ba, a ƙayyade yara nawa mace ɗaya za ta riƙe, a rage adadin idan akwai mai lalura a ciki. Ina roƙo kada abin ya zama hanyar karɓar haraji ko rufe wuraren talakawa, domin idan aka rufe su yaran gida za su koma a kulle. A taimaka musu su gyara. Wanda ya tura ma'aikatansa horo kuma ya yarda zai karɓi yara masu lalura, a sassauta masa kuɗin rajista, a ba shi kujerar zama ta musamman ko biyu, waɗanda kafintocinmu za su iya yi da katako da soso idan mai gashi ya auna musu. Sannan a fitar da sunayen irin waɗannan wurare, a karanta a gidan rediyon Rima, a manna a asibitocin da muke zuwa awo da rigakafi da gashi. Da akwai irin wannan takarda, da an rage mana yawon ƙwanƙwasa ƙofofi da goyo a baya.

Ga SUBEB kuma, akwai makarantun firamare na gwamnati da ke da ajin share fage. A fara da makaranta ɗaya a kowace mazaɓa cikin birni, a sa mata mai raino da aka horar, da tudun hawan keke a bakin aji, da makewayin da za a iya shiga da yaro a canza masa cikin sutura. Yaran nan suna ƙaruwa da zama cikin 'yan'uwansu. Na ga yadda ɗana ke ƙoƙarin miƙa hannu idan yaran maƙwabta na wasa a gabansa, abin da ba ya yi mini in ni kaɗai ce. Sauran yaran ma ba su da ƙyamar da manya ke da ita, sai an koya musu. Haka nan ɗakin raino guda a sakatariyar Usman Faruk, da wani a manyan asibitoci, zai tsare wa gwamnati ma'aikatanta mata da take asara.

Maganar kuɗi ba zan kauce mata ba. Kula da yaro irin nawa ta fi tsada, kuma bai dace a ce mai makaranta ko mai raino ce za ta ɗauki asarar ba. Jihar nan ta daɗe da al'adar ba naƙasassu alawus na wata-wata tun zamanin Gwamna Wamakko, kuma Hukumar Zakka da Waƙafi tana ɗaukar nauyin marayu da marasa lafiya. Yaro ɗan shekara uku ba zai iya bin layi ya yi rajista ba, ba shi cikin ƙungiyar makafi ko ta guragu, ba shi da sarkin da zai yi magana da yawunsa. Ina roƙon ku zauna da hukumar ku duba yadda za a riƙa biya wa iyaye marasa ƙarfi wani ɓangare na kuɗin raino kai tsaye ga wurin da ke riƙe da yaron. Ko uwar da ba ta aikin albashi tana buƙatar inda za ta ajiye shi na awa uku ta je asibiti don kanta, ko gaisuwar mutuwa, ko ta yi barci. Akwai matan da suka yi shekaru ba su taka gidan biki ba. Akwai waɗanda aurensu ya mutu a kan yaron, aka ce daga danginsu ne.

Malamanmu da limamai su ma suna da rawar takawa, kuma ku ne za ku iya gayyato su, tare da Majalisar Sarkin Musulmi. Kowane ɗalibin allo ya karanta Suratu Abasa, wadda ta sauka a kan makaho Abdullahi ɗan Ummu Maktum, sahabin da ya zama ladanin Manzon Allah, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, kuma aka sha bar masa Madina idan an fita. Huɗuba ɗaya da za ta ce farfaɗiya ba a ɗaukarta, kuma yaron da wuyansa bai tsaya ba ɗan Adam ne mai haƙƙi, za ta cire wa masu gidajen raino rabin tsoron da suke ji na sauran iyaye. A haɗa da faɗakarwa a kan shawara: jaririn da idonsa ko jikinsa ya yi ɗorawa a kwanakin farko a kai shi asibiti a ranar, kada a tsaya shanya shi a hantsi ko ba shi jiƙo, kuma a nisanta kafur daga kayansa. Ana maganinta da hasken fitila ta musamman idan an je da wuri, kuma kowane jaririn da aka ceto ya rage layin da nake magana a kai.

Abu na ƙarshe da nake roƙo shi ne ku kira mu kafin a rubuta kowane tsari. Ba wuyar samu gare mu ba, ranar gashi duk muna asibiti, kuma ma'aikatan wurin sun san mu. A sa taron da hantsi, a ɗakin ƙasa wanda ba sai an hau bene ba, a shimfiɗa tabarmi, domin da yaranmu za mu zo, ba mu da inda za mu bar su. A gayyato masu gidajen raino da matan da ke yi musu aiki su faɗi nasu uzurin a gabanmu, mu ma mu faɗi namu.

Allah Ya yi muku jagora, Ya ba ku ikon sauke nauyin da ke kanku.

Wassalam.

Taku,
Wata uwa, malamar makaranta,
Mabera, Sakkwato.